Sifili Ba Shaida Ba Ne

Ƙarfe sha ɗaya a Tudun Wada,
an ɗauke wuta tun magariba.
Fitilar caji, jan biro, takardu sittin da uku,
injin maƙwabci yana tari bayan katanga.

Tambaya ta huɗu, ni na tsara ta:
an auna cibiyar zarra, Q ya ba da sifili,
me za ka ce game da siffarta?

Lurwanu ya amsa a layi ɗaya, ya ja masa zane biyu:
Mulmulalliya ce, Malam, kamar lemun tsami.

Ban ga laifinsa ba.
Ni na shiga aji da kwando ranar Talata,
na jera lemo da ƙwai da waina a kan tebur.
Na ce in cajin furoton ya bazu daidai ta ko'ina,
lemo ke nan, sifili.
In ya miƙe ya yi tsawo, ƙwai ne, Q ya haye sama.
In ya baje kamar an zauna masa, waina,
Q ya gangara ƙasa da sifili.
Aka yi dariya, aka rabe wainar tun ban juya ba.
Abin da na faɗa bayan nan
bakuna na tauna, ba wanda ya ji.

Na ce akwai cibiyar da ba ta da juyi ko kaɗan.
Ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba,
ba wata nahiya da ta fi so ta fuskanta.
Ko da ƙwai ce a ainihinta,
tana kwance ta kowane ɓangare a lokaci guda,
ma'auni ya tara, ya raba, ya ce sifili.
Bai yi ƙarya ba.
Iyakar abin da aka nuna masa ke nan.

Biro a sama, na kasa sauke shi.
Yaya Ashiru ne ya faɗo mini.

Shekara goma sha tara a masaƙar Kakuri
har ranar da aka sa kwaɗo a ƙofa.
Bayan nan, ka gamu da shi a Kasuwar Barci: lafiya lau.
A Kawo yana jiran mota: lafiya lau.
Gidan suna, gidan makoki, bakin masallaci,
ta duk inda ka ɓullo masa fuska ɗaya ce,
hula a zaune, riga a goge.
Mu ƙannensa muka tara, muka raba,
muka ce Yaya dai ba inda ya lotsa.

Sai ranar sadakar uku aka buɗe akwatinsa.
Katin asibiti guda shida.
Sunayen masu binsa bashi, da rubutunsa mai kyau,
kowanne da kwanan wata.
Katin shaidar aiki naɗe a leda,
har yau bai yi datti ba.

A ɗakin bincike ba a barin cibiya ta yi lamo.
Tunkuɗa ta ake yi da ƙarfi har ta fara juyi,
ta riƙa sakin haske hawa-hawa tana saukowa,
daga tazarar matakan a karanto siffarta.
Ni na san wannan tun ina ɗan shekara ashirin da biyu.
Na koyar da shi sau nawa?
Amma ban taɓa zama kusa da Yaya
na sake tambaya a karo na biyu ba.
Ya ce lafiya, na ce madalla,
na tayar da babur.

Fitila ta fara ja.
Na ba Lurwanu biyu cikin biyar,
na rubuta a gefe, ƙanana:
Sifili ba shaida ba ne. Same ni ofis ranar Litinin.

Na ɗauki takarda ta gaba, na ajiye,
na dawo kan tasa na ƙara:
In na ce maka ya gida,
kada ka yi saurin amsawa.